Baƙar Riga da Gonar Adda

Ƙa'idar ba ta da tsawo. Lauya ba ya zama shaida a shari'ar da yake tsaye a kanta. Ba wai an hana shi rantsuwa ba ne, bakinsa baki ne kamar na kowa. Amma in abin da ya gani da idonsa shi ne ƙashin bayan maganar, to sai ya tuɓe riga, ya miƙa wa wani lauya takardun, shi ya koma benci ya jira a kira shi. An koya mana wannan a makarantar lauyoyi a Legas wata rana da ake zabga zafi. Na rubuta a littafina, har na ja layi a ƙarƙashi, kuma ta fito a jarrabawa na amsa daidai. Shekara biyu bayan haka na sa ƙafa na take ta, a shari'ar gonar mahaifiyata.

Ni ɗan fari ne, kuma wanda bai san mutanenmu ba ba zai gane nauyin wannan maganar ba. Asalinmu masu shanu ne da suka zauna a wani ƙauye kusa da Fagam, a ƙasar Gwaram. Fulatanci ya tafi tun zamanin kakanni, sai 'yan kalmomi da suka maƙale, amma kunya ta zauna daram. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa magana baki da baki, ba ta nuna ta san da zamansa. Ana yaye ni aka kai ni gidan kakana na wajen uwa, can na tashi. Kakata nake kira Inna. Wadda ta haife ni kuwa Adda nake ce mata, yadda ƙannenta ke kiranta. Ita kuma in ya zama dole ta ambace ni, sai ta ce "yaron Baffa", wato yaron mahaifinta.

Ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin ƙiyayya, ni ma ban ɗauka ba. In na je gidanta, ina tsugune a gabanta za ta juya wajen ƙanwata ta ce, "Ki tambaya ko an ci abinci a can." Ƙanwata ta dube ni ta maimaita, na amsa, ta juya ta mayar, alhali mu uku duk tabarma ɗaya ta ɗauke mu. Da na yi wani zazzaɓi mai tsanani ina yaro, an ce ta tako da ƙafa daga gidan mijinta, ta zauna a bayan ɗakin da nake kwance tun hantsi har la'asar, ta ajiye ƙwaryar fura ta tafi. Ban gan ta ba. Furar dai na sha.

Shekarar da ta biyo bayan sauya tuta, wato samun 'yancin kai, mahaifina ya rasu. Ina makarantar sakandare a Birnin Kudu a lokacin, gemu ya fara tsiro, ina ji da kaina da farin wando da takalmin kambas. Da na zo hutu bayan damina, wata safiya kakana ya aika aka kira limamin ƙauye, aka kira Adda, ya ce mu tafi fadama. Yana da gona a bakin kogi, ƙasa baƙa mai riƙe ruwa, wadda duk ƙauyen aka san ba ta da ta biyu.

"Kai, ɗan Nasara," in ji kakana, don da haka yake tsokanata, "tuɓe takalman nan ka ɗauki magirbi. Yau za ka yi aikin da ya fi ABCD."

Ya sa mu a gaba ya zaga iyakar gonar, daga gindin tsamiya zuwa kwazazzabo, daga nan zuwa gaɓar kogi. Duk inda ya buga sandarsa ni nake haƙa in dasa gamba. Da muka dawo gindin tsamiyar ya ɗauki fartanya ya sa wa Adda a hannu, ya ce ta sari ƙasa. Ta sara. Sai ya juya wajen liman.

"Malam, ka shaida. Kyauta ce, ba aro ba. Na ba ta ina da lafiyata da hankalina, ta kuma karɓa. Ta ci da marayunta, bayanta 'ya'yanta su ci."

Liman ya ce ya shaida, ya yi addu'a muka shafa. Ni kuma da ilimi ke cina na ce a bari in rubuta a takarda kowa ya dangwala hannu. Kakana ya yi dariya har da tari.

"Takarda ai abincin gara ce. Ga liman, ga kai mai sabon ido. In mu tsofaffi mun tafi, kai kana nan."

Duk tsawon safiyar nan Adda bayanta ta ba ni. Na fi tuna ƙullin ɗankwalinta a kan fuskarta.

Kakana ya rasu bayan shekara uku, liman ya bi shi ba da daɗewa ba. Adda ta riƙe gonar ita da ƙannena maza biyu. Da damina shinkafa, da rani albasa da tumatir, ana ɗebo ruwa da jigo. A gonar nan ta aurar da ƙannena, daga ita ake aiko mini da buhun shinkafa har jami'a, ba tare da an ce ga wanda ya aiko ba. Shekara goma sha huɗu ba wanda ya ce mata uffan.

Sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. Fam ya tafi naira ta zo, motoci suka koma bin dama, kowa ya zama ɗan kwangila. Wani daga cikinsu, mutumin Birnin Kudu da ya samu aikin gina kwalbatoci, ya sayi tarakta ya shiga neman fadama. Kawuna, wan Adda da suke uba ɗaya, shi ya sayar masa da gonar. Na daɗe ina son in ce kawuna mugu ne, amma ba haka ba ne. Lokacin da aka yi kyautar yana Kurmi yana fataucin shanu, kuma har cikin ransa ya yarda cewa aro mahaifinsu ya ba bazawara kafin yaranta su tasa, yanzu kuwa sun tasa. Ɗan kwangila ya bi ofisoshi ya samo takardar mallaka mai jan hatimi. Ranar da taraktarsa ta zo, ƙannena suka tsaya a gabanta da sanduna. Mako uku bayan haka aka kawo wa Adda sammaci daga babbar kotu.

Ina aiki a Kano a lokacin, a ofishin wani dattijon lauya da nake kira maigidana. Na baje masa maganar tun daga tsamiya har gaɓar kogi. Ya saurara yana goge tabarau.

"Su wa ke wurin da aka yi kyautar?"

"Liman, ya rasu. Sai ni."

"To ai magana ta ƙare. Kawo fayil ɗin. Ni zan tsaya wa Hajiya, kai ka yi mata shaida. A gaban alƙalin gargajiya ba za a karɓi shaidar ɗa ga uwarsa ba, amma wannan kotun za ta saurare ka. Kai ne shari'ar gaba ɗaya, kada ka ɓata kanka."

Na ce masa ba sai an kai ga haka ba. Na ce shekara goma sha huɗu tana noma gonar a idon kowa, maƙwabta za su shaida, wannan kaɗai ya isa. Na kawo masa hujjoji daga littattafai, na yi ta zuba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce uwata ce, gonarta ce, ba zai ƙwace fayil daga hannuna ba, amma ya faɗa mini.

Gaskiyar maganar ba ta cikin littafi. So nake Adda ta gan ni a cikin baƙar riga da hular gashin nan ta lauyoyi. So nake in tsaya a gaban mutanen ƙauyenmu in yi magana a madadinta, in yi mata tambaya ta amsa, ko da ta bakin tafinta ne. Shaida minti goma yake yi a akwati ya sauka, kowane manomi yana iya zama shaida. Lauya kuwa duk ƙasar Gwaram a lokacin ba na jin an kai mu uku. Ina da shekara talatin da ɗoriya, da mata da ɗa, amma a wannan wurin ban wuce yaron da ya sha furar nan ba.

Da na zauna rubuta takardar kariya na zo inda za a faɗi yadda aka yi kyautar. Na san in na sa kaina a ciki, riga ta fita daga jikina ke nan. Sai na rubuta cewa an yi kyautar a gaban limamin ƙauye, wanda ya riga mu gidan gaskiya, na ɗiga aya. Na gaya wa kaina ban yi ƙarya ba, ai liman yana wurin. Na sa hannu a ƙasa da sabon alƙalamina.

Na je ƙauye don in shirya ta, yadda ake shirya duk wanda zai shiga akwati. Ƙanwata ta zauna a tsakaninmu kamar kullum. Na bi da ita tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, tana amsa wa ƙanwata tana tsince shinkafa a faifai. Da na gama na ce ko tana da abin cewa.

"Ki ce duk yadda aka ga ya dace," in ji Adda.

Tambaya ɗaya ce ban yi mata ba, kuma ita ce duk wani lauya mai hankali zai fara yi: su wa ke wurin da aka ba ta gonar? Na san al'adarmu tun kafin in san karatu. Na dai ƙi kallon wajen ne.

A wancan zamanin alƙalin babbar kotu yakan fito zagaye, ya zauna a Birnin Kudu 'yan kwanaki a wani zaure mai rufin kwano. Mutanen ƙauyenmu suka cika akori-kura suka zo, har da waɗanda ba su san me ake shari'a a kai ba, kallon "lauyanmu" suka zo. Ɗan kwangila ya gabatar da takardarsa, kawuna ya yi rantsuwa ya ce aro ne. Na tsaya na yi masa tambayoyi da Turanci, tafinta yana juyawa, ina jin ana gyara zama a bayana. Maƙwabtan gona uku suka shaida cewa Adda suka sani a gonar. Lauyan ɗan kwangila, wani dattijo mutumin Kudu da ya daɗe a Kano har Hausa ta zauna a bakinsa, tambaya ɗaya yake yi wa kowannensu: kana wurin da aka ba ta? Kowa ya ce a'a, ji ya yi.

Sannan Adda ta shiga akwati. Ta ja mayafi ta juya fuskarta wajen tafinta. Na yi tambaya, tafinta ya juya, ta amsa masa, ya juyo mini. Tsarin gidanmu ne sak, sai dai an sa namiji a madadin ƙanwata. Ta faɗi iyakar gona, ta faɗi fartanya, ta faɗi maganar mahaifinta kalma da kalma. Na kauce wa tambayar su wa ke wurin kamar yadda ake kauce wa rami a hanya. Na zauna ina jin daɗi, ba zan ɓoye ba. Ko sau ɗaya ba ta kalli rigar ba, amma na lura ta san inda nake tsaye, don can ne kaɗai idonta bai je ba.

Dattijon lauyan ya miƙe a hankali, ya gaishe ta da Hausa kafin ya koma Turanci.

"Hajiya, da mahaifinki ya ba ki gonar, wa ke wurin?"

"Liman, Allah ya jiƙansa."

"Shi kaɗai?"

Ta ƙara jan mayafi. Tafinta ya maimaita.

"Da yaron," in ji Adda, ƙasa-ƙasa.

"Wane yaro?"

"Yaron Baffa."

"Mahaifinki yana da 'ya'ya maza da yawa. Wanne daga ciki? Yana raye? Mene ne sunansa?"

Ba ta amsa ba. Lauyan bai san abin da ya taka ba, tsakani da Allah tambaya yake yi. Amma duk wanda ya zo a akori-kurar nan ya sani, zauren ya yi tsit har ana jin kwanon rufi yana ƙara saboda rana. Alƙali ya ce a gaya mata dole ta amsa. Tafinta ya gaya mata. Ta riƙe katakon akwatin da hannu biyu tana kallon ƙasa. Alƙali ya sake cewa in ta ƙi, zai rubuta cewa ta ƙi, kuma hakan zai iya cutar da ita. Taku huɗu ne tsakanina da ita. Ga surukanta a benci, ga dattawan ƙauye, ga ni a tsaye da hular gashi, ana so ta buɗe baki ta faɗi abin da ba ta faɗa ba ko ranar suna.

Na miƙe na ce, "Ya mai shari'a, ni ne."

Alƙali ya ajiye alƙalami. Ya kira mu ofishinsa, ni da dattijon lauyan. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce in zaɓi ɗaya: ko in ci gaba da zama lauya in manta da abin da na gani, ko in janye in zama shaida, wani ya karɓi shari'ar. Ya ce ba zai yiwu in rantse in ba da labari da safe, da rana kuma in tsaya in roƙe shi ya gaskata mai labarin ba. Na ce na janye. Ya ɗage shari'ar zuwa zagaye na gaba, bayan kaka.

Na tuɓe rigar a bayan zauren na naɗe ta a jaka. Ban ji kunya ba, ban ji baƙin ciki ba. Abin da na ji shi ne hular ta bar mini ƙaiƙayi a goshi.

Maigidana ya karɓi fayil ɗin bai ce "na faɗa maka" ba. Ya karanta takardar kariyar da na rubuta, ya tsaya a layin liman ya daɗe, sannan ya rufe. Ya nemi izinin gyara ta, aka ba shi, amma ta farkon tana nan a fayil ɗin kotu da sa hannuna, ba mai cire ta. Ya kuma nemi a sake kiran Adda ta ƙarasa shaidarta, aka yarda.

Da aka dawo zama, an girbe gero, garin cike da ƙaiƙayi. Akwai doka a kotu cewa shaidan da bai riga ya yi magana ba ba ya zama ya ji ta wani. Magatakarda ya miƙe ya ce duk shaidun da ba a saurara ba su fita inda ba za su ji ba. Kowa ya riga ya yi tasa, saura ni kaɗai. Na tashi a gaban mutanen ƙauyenmu, da kaftani da hula kamar kowa, na fita.

Akwai wata bishiyar darbejiya can nesa da zauren, wani mai gyaran keke ya kafa sana'arsa a gindinta. Na zauna a kan dutse kusa da shi. Yana faci, ya hura tayar ya tsoma a kwanon ruwa yana neman inda kumfa zai fito. Ya samu huda ɗaya ya liƙe, ya sake tsomawa, wata ta ɓullo. Na bi aikin nan da ido kamar za a tambaye ni a kai. Daga zauren ba abin da ke isowa sai tarin wani tsoho lokaci-lokaci. Ya gama taya ta biyu ke nan masinja ya leƙo ya ƙwala mini kira.

Da na shiga, Adda ta koma benci, ta rufe fuskarta gaba ɗaya da mayafi. Ƙanwata tana gefenta, idonta ja. Na yi alwala na rantse, maigidana ya bi da ni labarin, na faɗi komai: tsamiya, gamba, fartanya, har maganar gara da takarda. Gaskiya ce tsantsa, kuma na faɗe ta da kyau. Sai dattijon lauyan ya miƙe da wata takarda a hannu, ya ce a miƙa mini.

"Ka san wannan?"

"Na sani."

"Sa hannun wa ke ƙasa?"

"Nawa."

"Karanta wa kotu sakin layi na huɗu."

Na karanta. A gaban limamin ƙauye, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

"Ka ga sunanka a wurin?"

"A'a."

"Lokacin da ka rubuta, ka manta kana wurin ne?"

"Ban manta ba."

"To ka sani ka ɓoye wa kotu, ko kuwa ba ka wurin, sai da ka ga shari'ar mahaifiyarka tana tangaɗi ka tuna? Wanne za mu ɗauka, abin da lauya ya rubuta ko abin da shaida ya rantse a kai?"

Na buɗe baki. Amsar gaskiya ita ce ina son uwata ta gan ni da riga. Ba a faɗin wannan a akwatin shaida, ko an faɗa ma ba ya cikin abin da alƙali ke aunawa. Na ce na yi kuskure ne a matsayina na lauya. Ya ce ya gode, ba shi da sauran tambaya. Bai ci mutuncina ba, aikinsa ya yi, kuma da ni ne a wurinsa abin da zan yi ke nan.

Washegari aka yanke hukunci. Alƙali ya ce ba ya kiran kowa maƙaryaci. Amma ya ce daɗewa a gona ba ta bambanta kyauta da aro, mai aro ma yana daɗewa. Abin da zai bambanta shi ne wanda ya ji da kunnensa, kuma shaidan da aka kawo ɗan wadda ake ƙara ne, shi ya tsara shari'ar, ya zauna ya ji shaidar kowa, bai kuma ambaci kansa ba sai da aka ƙure. Ya ce da an kawo wannan shaidar tun farko, a tsabtace, da wataƙila maganar ta sha bamban. Ya ba ɗan kwangila gona.

Ina jin tafinta yana juya hukuncin da Hausa, ina kallon wata ƙadangaruwa a jikin taga. Na jira wani abu ya taso mini a ƙirji, bai taso ba. Na tattara takardun maigidana na jera su bisa lamba, na ɗaure da jan zare.

Ni na ɗauko Adda da ƙanwata a motata zuwa gida. Kafin mu bar Birnin Kudu Adda ta ce wa ƙanwata a tsaya ta yi azahar, na tsaya a wani gida na 'yan uwa ta shiga. Ƙanwata ta zauna a mota ba ta bi ta ba.

"Yaya, ta faɗa fa."

"Ta faɗi me?"

"Sunanka. Jiya, da kana waje. Lauyan ya sake tambaya wane yaro, ta ɗaga kai ta faɗa. Alƙali bai ji ba ya ce ta maimaita, ta maimaita. Sannan ya ce mene ne shi a wurinki, ta ce ɗana ne, na fari."

Na ce to. Na duba allurar mai na ga za ta kai mu Gwaram ta dawo da ni. Adda ta fito ta shiga baya, muka kama hanya.

Maigidana ya ce ɗaukaka ƙara ɓata lokaci ne, alƙali bai kauce wa doka ko taku ɗaya ba. Tarakta ta tumɓuke gambar da na dasa a safiya ɗaya. Ɗan kwangila ya noma gonar damina biyu, taraktar ta lalace aka rasa kayan gyara, ya koma harkar siminti. Gonar ta zama saura, ciyawa har ƙirji, kuma ta bakinta hanyar rafi ta bi, kullum Adda sai ta wuce ta. Na saya mata wata fadamar a gaba kaɗan. Ta ce wa ƙanwata a yi godiya, ta bar wa ƙannena, ita ba ta taɓa taka ta ba.

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne abin da faɗin sunan ya jawo mata. Labari ya riga mu isa ƙauye. Matan da suka yi zamani da ita suka riƙa zolayarta a wajen biki, wai ga wadda ta kira ɗan fari a gaban maza har sau biyu, wasu da wasa, wasu ba da wasa ba. Ta daina zuwa taro kusan shekara biyu. Abu mafi tsada da take da shi ta fitar ta ajiye a gaban alƙali don ta tsare kyautar mahaifinta, ni kuma na riga na zubar da darajarsa tun ranar da na ɗiga ayar nan.

Ta yi shekara goma sha ɗaya bayan haka. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ba ta canza mini ba ko kaɗan, kuma ba ta sake faɗa ba. A ciwonta na ƙarshe na kwana uku a ƙauye, ina zaune a bakin ƙofa. A rana ta uku na ji ta ce wa ƙanwata, "Ki ce wa yaron Baffa ya koma bakin aikinsa, mutane na jiransa." Na koma. Kwana biyu aka aiko.

Bayan sadakar arba'in na nemi kwafin shari'ar daga rajistara. Yana nan a shafi na talatin da wani abu, an buga da tafireta, da Turanci, yadda tafinta ya juya alƙali ya rubuta. Ga sunana, ga "ɗana na fari" a gefensa. Na karanta a zuci, na karanta a bayyane, ban ji komai ba sai muryata.

Da na je gida da sallah na tambayi ƙanwata yadda ta faɗe shi. Da ƙarfi ne ko a hankali, ta ja ƙarshen ne yadda mutanenmu ke ja, ko ta datse shi. Ƙanwata ta yi ta tunani, da gaske take son ta taimake ni. Can ta ce, "Wallahi Yaya, an daɗe. Na dai san ta faɗa, amma ban riƙe muryar ba."